Takobin Katako na Oda a Sakkwato: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana da Amsoshinsu

Idan azumi ya raba tsakiya, ko makarantu suka fara shirin ranar al'adu, masu neman takobin katako sukan yawaita a rumfarmu. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa muka tattara su wuri guda. Wanda ke sauri ya karanta amsa ta biyu ko da ita kaɗai ce, domin yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin mai oda da mai sana'a daga nan yake tsirowa.

Su wa ke yin odar takobin katako, kuma me ake yi da shi?

Waɗanda suka fi zuwa iyaye ne masu son yaro ya fito da shigar Sallah cikakkiya, da 'yar riga da rawani da takobi a kafaɗa, musamman idan zai hau doki cikin tawagar mahaifinsa ko kakansa. Sai malaman makaranta masu shirya wasan kwaikwayo, da abokan ango masu neman abin ɗaukar hoto a daren al'ada, da masu shirya fim. Akwai kuma masu son na ratayewa a falo ko ofis, da masu neman kyautar da za su kai wa wanda aka naɗa sarauta.

Mene ne bambancin takobin wasa da takobin ado?

Abubuwa biyu ne daban, ko da daga nesa sun yi kama. Na wasa ba shi da tsini, ba shi da kaifi. Bakinsa mai kauri ne a zagaye, ƙarshensa dunƙule, kuma ana fitar da shi daga itace guda tun daga ƙarshen ruwa har ƙota. Ba a sa masa ƙusa, ba a liƙa masa ƙarfe ko dutsen ado ko wani ƙaramin abin da zai iya ɓallewa. An yi shi ne da sanin cewa za a doka shi a bango, a ja shi a ƙasa, a kara shi da na wani yaro.

Na ado kuwa ido ake yi wa. Ana sirantar da ruwansa, a fitar masa da baki kamar mai kaifi, a yi masa kwarmi a tsakiya, a lulluɓe ƙotar da fata ko tagulla. Duk abin da ya ƙara masa kyau ya rage masa ƙarfi. Sau da yawa uba yakan shigo ya ga na ado a rataye ya ce, "Malam, irin wanga nika so ka yi ma yaro." Ba ma yarda nan take, sai mun yi masa bayani. Siririn katako ba ya jure duka, kuma idan ya karye ba ya karyewa a daidaice, darewa yake yi ya bar dogon tsini mai sartse. Wannan guntun da ya saura a hannun yaro ya fi takobin da ransa haɗari nesa ba kusa ba.

Idan kana son yaro ya yi kyau a hoto kuma ya yi wasa lafiya, to a yi jikin takobin irin na wasa, a kai adon kan kube da hamila. Ai takobin da ke rataye a kafaɗa, kubensa da ƙotarsa kaɗai ake gani. Duba amsar kube a ƙasa.

Wurin wa zan je, kafinta ko masassaƙi?

Ya danganta da abin da kake so. Masassaƙi, mai fitar da ƙota da allo da akushi da taɓarya, ya san itatuwan dajinmu, kuma gizagonsa yana bin jijiyar itace, shi ya sa aikinsa ke daɗewa bai karye ba. Kafinta yana aiki da katakon da aka riga aka tsaga a injin, yana da awo daidai, kuma shi ne gwani idan ana son guda da yawa iri ɗaya.

Takobin ado cikakke dai ba ya gamuwa a hannu ɗaya. Mai itace ya fitar da jiki, baduku ya yi kube da hamila ya naɗe ƙota, idan kuma ana son tagulla sai an bi ta wurin maƙeri. Sakkwato ta wadata da su duka, Maƙera Assada kaɗai ta isa shaida a fannin ƙira. Shawararmu ita ce ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin aikin baki ɗaya, shi ya riƙa kai wa sauran. Idan ka raba aikin da kanka, ranar da kube ya ƙi shiga za ka rasa wanda za ka riƙe.

Wace siffa zan zaɓa?

Yara da yawa suna zuwa da hoton takobin da suka gani a fim ko a wasan waya, na Japan mai ɗan lanƙwasa, ko na Turkiyya, ko mai baki biyu, wato wanda ƙarshensa ya rabu biyu, irin yadda ake zana Zulfiƙar. Duk ana yi. Amma muna son mutum ya san namu kafin ya zaɓa, don da yawa ba su taɓa tsayawa sun dube shi da kyau ba.

Takobin da mayaƙan ƙasar Hausa da Azbinawa suka rataya miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, tsawonsa kusan mita ɗaya. Yana da faɗi daga gindi yana sirancewa zuwa ƙarshe, ƙarshen kuma ba tsini ba ne sosai, ɗan zagaye ne. Sau da yawa akwai kwarmi guda uku da suka taso daga gindin ruwa, wasu kuma da tambarin jinjirin wata biyu. Makarin hannunsa faffaɗa ne a gicciye, lulluɓe da fata ko tagulla, ƙotar gajeriya daidai hannu ɗaya, da dunƙule a kanta. Da yawa daga cikin ruwan tsofaffin takubban nan a Turai aka ƙera su, musamman a garin Solingen na Jamus, suka ƙetaro Sahara a ayari, a nan aka sa musu ƙota da kube. Wasu kuma ƙirar maƙeranmu ce tun daga tama. Akwai kuma lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya da ake kira bisalami. Wanda ke son ganin kayan da na gaske da idonsa kafin ya ba da oda, ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, ko ya tsaya ya kalli abin da mahaya ke rataye da shi ranar hawa.

Ga mai sana'ar katako, siffar tamu tana da wata falala. Tun da miƙaƙƙiya ce, jijiyar itace tana tafiya daga farko har ƙarshe ba yankewa, ga ƙarshen a zagaye tun asali. Lanƙwasasshen takobi kuwa idan aka yanko shi daga miƙaƙƙen katako, dole lanƙwasar ta ratsa jijiya, a nan kuma yake karyewa. Mai baki biyu ya fi kowanne rauni, shi ya sa ba ma yin sa sai don ado.

Wane itace ya fi dacewa?

Ga ƙananan yara, mara nauyi ake nema. Malaina tana da kyau ƙwarai, ba ta da nauyi, ba ta cika lauyewa ba, tana kuma karɓar fenti. Farin katako mai laushi irin obeche ya fi ta sauƙi a hannu amma yana saurin lotsewa, ya fi dacewa da wasan dandamali inda ba a karawa da ƙarfi. Dogon yaro, wanda ya cika titunan Sakkwato, yana tsaka-tsaki, yana da ƙarfi daidai gwargwado, gara kuma ba ta cika sonsa ba, amma sai an bar shi ya bushe sosai don yana da saurin tsagewa.

Ga na ado, maɗaci ne sarki. Launinsa ja-ja ne mai kyau, yana goguwa ya yi santsi, ko ba fenti ya ishi kallo. Marke da ƙirya ƙarfi gare su matuƙa, abin da ya sa ake ƙota da marke, turmi da taɓarya da ƙirya. Wannan ƙarfin ne kuma aibinsu a hannun yaro, domin takobin ƙirya kulki ne kawai mai siffar takobi. Kuka da rimi ba su da amfani a wannan aiki. Madobiya kyakkyawa ce, amma an sare ta har ta yi ƙaranci, tun 2017 kuma tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. Ba ma ba da shawararta, balle ga wanda zai fita da takobin waje.

Fulawud kuma fa? Araha ce, ana yanka guda da yawa daga falle ɗaya, amma gefensa yana ɓarewa ya fitar da sartse, ruwa kuma na taɓa shi ya kumbura. Don wasan rana ɗaya a dandamali ba laifi, idan an goge gefen an naɗe shi. Don yaro ya riƙe a gida, a'a.

Me ya sa wani takobin ke tsagewa ko lauyewa bayan 'yan makonni?

Kusan kullum ɗanyen itace ne dalili. Itacen da aka sare yana ɗauke da ruwa mai yawa, yana bushewa yana tsukewa, waje kuma yana riga ciki bushewa. A gari irin namu, inda iskar hunturu ke tsotse danshi daga komai, zafin bazara kuma ke haura digiri 40, wannan tsukewar da gaggawa take zuwa. Katakon da aka kawo daga Kudu yakan iso da danshinsa, ko da samansa ya yi kama da busasshe. Takobin da aka yi da shi a damina zai fito sumul, Disamba na zuwa ya lauye ko ya dare.

Ka tambayi mai sana'a yaushe katakon ya shigo hannunsa. Busasshe ya fi sauƙin nauyi, idan ka ƙwanƙwasa shi yana ba da amo, ɗanye kuwa yana da sanyi a inda aka yanka kuma ƙararsa a dushe take. Ka duba kada a samu ƙulli a tsakiyar ruwan takobin ko kusa da ƙota, nan ne wurin karaya na biyu bayan jijiyar da aka ratsa.

Wane tsawo ya dace da yaro?

Awon da muke bi shi ne a tsayar da yaro, a auna daga ƙasa zuwa ƙugunsa, takobin duka da ƙotarsa kada ya wuce nan. A ƙiyasi, ɗan shekara 5 ko 6 yakan tsaya wajen santimita 50, ɗan shekara 9 ko 10 wajen santimita 65 zuwa 70. Kaurin ruwa kada ya gaza santimita ɗaya da rabi, ƙota kuma yatsun yaro su iya zagaye ta. Kada a ƙara tsawo wai don ya girma da shi. Dogon takobi yana rinjayar wuyan hannun yaro, ƙarshensa ya je inda bai nufa ba, kuma idan ya rataya shi zai riƙa harɗe masa ƙafa.

Daga shekara nawa za a ba yaro, kuma ba haɗari?

Ƙasa da shekara 3 ba ma yi ko an matsa. Daga 3 zuwa 5, gajere mara nauyi, na riƙewa a hoto da ɗan wasa a gaban babba. Haɗari kam akwai, ko da an zagaye komai, kuma wurin da muka fi jin tsoro shi ne ido. Rauni a hannu yana warkewa, ido kuwa ba a mayar da shi.

Saboda haka ranar da ka miƙa wa yaro takobi, ka miƙa masa da sharuɗɗansa. Ba a kai duka sama da kafaɗa, ba a suka, ba a gudu da shi a zare, ba a ɗaga shi kan wanda ba ya riƙe da nasa, ba a dukan dabba. Wannan ma dama ce ta koya masa ladabin da addini ya zo da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Ya kuma tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar Idi, Nana A'isha tana kallo da izininsa. Wasan ƙwarewa da nishaɗi yana da gurbinsa, tsoratar da mutum kuma ba shi da shi, kuma yaro ɗan shekara shida yana iya gane wannan bambancin idan aka zauna aka faɗa masa.

Wane irin fenti ko mai ake shafawa?

Ga na wasa mun fi son a goge shi da sanfefa har ya yi santsi, a shafa masa kakin zuma ko ɗan man kaɗe, a bar shi da launin itacensa. Idan lallai ana son launi, a yi amfani da fentin ruwa, a bar shi ya bushe har warin ya fita. Ragowar fentin mota ko na ƙofar ƙarfe da ba a san asalinsa ba kada ya kusanci abin wasan yara, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, yara kuma suna kai komai baki. Mu a wannan yanki mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haka nan baƙin mai da maganin gara da ake shafa wa katakon rufi, ba su da wuri a jikin abin da yaro zai riƙe.

Na ado ana iya yi masa banish, ko a fesa wa ruwansa fenti ruwan azurfa. Sai dai ka karanta amsar tafiya da shi kafin ka ce a mai da shi tamkar na ƙarfe.

Kube da hamila dole ne?

Ga na wasan tsakar gida ba dole ba ne. Ga na Sallah da na ango da na bango kuwa, a nan kyan yake, kuma a nan Sakkwato ta fi kowa abin nunawa. Fatar jar akuyarmu ta yi suna tun zamanin ayari, ita ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Majema suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya zana ta, ya yi mata cin baki da kore ko baƙi, ya sa tuntu.

Ana yin kube bayan an gama takobi, a jikinsa ake auna shi. Ka ce a bar masa ɗan sarari, don katako yana ɗan kumbura a damina, matsattsen kube sai ya riƙe shi. Cikin kuben yara a sa kwali mai kauri maimakon katako don kada nauyi ya yi yawa. Hamila kuma ta kafaɗa ce, ba ta wuya ba. Ta yaro a ɗinke ta sama-sama yadda za ta tsinke idan ta sarƙe da wani abu, musamman ga wanda zai hau doki. Ka tambaya ko fata ce ta gaske ko leda mai kama da fata, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ledar kuma tana ɓarewa cikin zafi.

Za a iya rubuta suna ko aya a jiki?

Suna, ko sarauta, ko shekarar biki, duk ana yi, da boko ko da ajami, a ƙona da ƙarfe mai zafi ko a sassaƙa. Ka rubuto da hannunka yadda kake so, kada ka faɗa da baki, don harafin da aka ƙona ba ya goguwa. Ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa ba ma sa su a takobin wasa, tun da za a yar da shi a ƙasa, a taka, a shiga da shi ko'ina. A kan na bango ma mun fi son mutum ya fara tambayar malaminsa.

Me ya kamata mu daidaita a kai kafin in biya kafin alƙalami?

Abin da za a yi da takobin, shekarun mai riƙewa, tsawo, irin itace, siffa tare da hoto ko zane, launi, kube ko babu, rubutu, adadi, jimillar kuɗi, abin da aka bayar da abin da ya saura, sai ranar karɓa. A rubuta su, ko a takarda ko a saƙon WhatsApp da kowa zai iya komawa gare shi. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta a siffanta abin da aka ba da aikinsa yadda jayayya ba za ta taso ba.

Abu ɗaya da ke tsare ɓacin rai shi ne a yanka siffar a kwali tukuna, yaro ya riƙe, kai ma ka gani, kafin zarto ya taɓa katako. Ka kuma nemi a turo maka hoto bayan an gama sassaƙa kafin a shafa komai. Fenti yana ɓoye tsaga da ƙulli da ramin da aka cike da dusar katako da gam.

Nawa ne kuɗinsa?

Ba mu rubuta adadi a nan ba don farashin katako da fata yana motsi da kasuwa. Amma ka san inda kuɗin ke tafiya. Katakon kansa shi ne ƙaramin kaso. Gugar hannu ita ke cin lokaci, sai kwarmi da zane, sai aikin fata, wanda sau da yawa yakan fi takobin tsada. Idan wani ya yi maka ragin da ya ba ka mamaki, ka tambayi abin da aka cire, yawanci bushewar itace ce ko guga ko fatar gaske. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya karɓi takobin wasa mai kyau ba kube, ya dawo a yi kuben daga baya.

Kwana nawa ake ɗauka?

Na wasa, idan akwai busasshen katako a ƙasa, kwana biyu zuwa uku. Na ado mai kube, mako biyu zuwa uku, don yana bi ta hannu da yawa, banish da fata kuma kowanne yana son lokacin bushewarsa. Odar Sallah kamar kai ɗinki ce wurin tela, wanda ya kawo a goman ƙarshe sai dai ya yi haƙuri da abin da ya samu. Dukawa ma a lokacin suna fama da kayan doki da takalma. Ka zo kafin azumi ya kama, na Babbar Sallah kuma tun farkon Zulƙida.

Makarantarmu na son guda da yawa don wasan tarihi. Yaya za mu yi?

A fara yin guda ɗaya na gwaji, ku amince da shi, sannan a yanka sauran a kansa. Na dandamali a yi su marasa nauyi, malaina ko farin katako, a yi biyu ko uku masu kyau ga manyan 'yan wasa, sauran a bar su a sauƙaƙe. A ƙara guda biyu na ko-ta-kwana, a sa wa kowanne lamba a ƙota don a san wanda bai dawo da nasa ba. A kuma tsara faɗan tun a gwaji, kowa ya san inda zai kai da inda zai tare, ba a sakar wa ɗalibai su yi yadda suka ga dama.

Malam, kafin ka ƙirga takubba ka duba labarin da za ku nuna. Idan yaƙin Tabkin Kwatto ne na 1804, jama'ar Shehu ƙarƙashin Malam Abdullahi yawancinsu masu yaƙi a ƙafa ne da baka da kibiya, dawakinsu kaɗan ne, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ce ke da tarin mahaya. Raba wa kowa takobi zai ɓata ainihin abin mamakin wannan nasara. Idan kuma ranar Giginya ce, 15 ga Maris 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya fuskanci sojojin Ingila, to akwai takubba da masu da tutoci a ɓangare ɗaya, bindigogi a ɗayan. Sau da yawa idan muka zauna da malami muka bi labarin, adadin takubban yakan ragu, a mai da kuɗin kan masu da garkuwa da kwari.

Muna da takobin gado a gida. Za a iya yin kwafinsa da katako?

Ana yi, kuma aiki ne da muke so ƙwarai, don yana ba jikoki damar riƙe siffar abin kakansu ba tare da an taɓa na ainihin ba. Ba sai ka fito da shi daga gida ba. Ka shimfiɗa shi kan takarda mai faɗi ka zagaye shi da fensir, ka auna tsawo da faɗin gindi da na ƙarshe da makarin hannu, ka ɗauki hoton kowane tambari daga kusa. Katako ba zai yi sirantar ƙarfe ba, don haka kwafin zai fi kauri, kuma ba zai shiga tsohon kuben ba, kada ma a gwada. Roƙonmu ɗaya, kada ka goge tsohon da sanfefa ko ka sake masa fata wai don ya fito a hoto. Tambarin da ke nuna asalinsa siriri ne, guga ɗaya tana iya share shi.

Ina koyon wasan takobi irin na Japan. Wannan zai yi mini?

Na wasan yara da na ado duk ba za su yi ba. Na horon Japanawa, wanda suke kira bokken, tsawonsa mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ana yin sa da itace mai tauri da nauyi don ya jure karo. A itatuwanmu marke ne ya fi kusa, busasshe mara ƙulli, ba fenti sai mai. Ka kawo awon da malaminka ya ba ka. Ka kuma sani wannan yana karya ƙashi, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

Zan iya tafiya da shi ko a aiko mini wani gari?

Ana aikawa ta mota daga tasha. A naɗe shi da kwali, a ɗaure shi jikin wani katako miƙaƙƙe don kada kaya su danne shi, a rubuta a jiki cewa takobin katako ne, a kuma nuna wa direba kafin a rufe. Halin tsaron da ake ciki ya sa shingayen bincike sun yawaita a hanyoyinmu, jami'in da ya hango kube kuwa ba zai san abin da ke ciki ba sai ya zare. Saboda haka kada a ɓoye shi ƙarƙashin kujera, a sa shi cikin kaya, idan an tambaya a faɗa tun kafin a buɗe. Matashi kada ya rataya shi ya hau babur da dare, balle wanda aka fesa wa ruwan azurfa. A taron Sallah ma, idan hukuma ta hana fitowa da makami, ka tambaya ko hanin ya haɗa da mai kama da shi.

A jirgi, daga filin Sultan Abubakar III ko wani, ba a shiga da shi a jakar hannu, cikin kayan awo ake sa shi. Mai fita ƙasar waje ya riƙe sunan itacen da aka yi aikin da shi, don wasu ƙasashe suna binciken kayan katako da na fata, ga kuma batun madobiya da muka ambata a amsar itace.

Yaya zan adana shi, kuma idan ya lalace ana gyarawa?

Na ado a rataye shi a kwance kan maratayi biyu, nesa da taga mai rana, kada kuma ya manne da bangon da ke jan danshi, don ta nan gara ke hawa. Kada a jingine shi a kusurwa na tsawon watanni, lauyewa zai yi. Kada a bar shi cikin mota a rufe da rana. Farkon hunturu a shafa masa ɗan kaki ko man kaɗe, fatar kuben ma haka, da damina kuma a riƙa zare shi lokaci-lokaci ya sha iska don kada fata ta yi fumfuna. Idan ka ga gari mai laushi yana zuba daga ƙananan ramuka, ƙwaro ya shiga, a ware shi daga sauran kayan katako a kawo a duba.

Na wasa a riƙa shafa hannu a jikinsa duk mako, inda aka ji kaushi a goge da sanfefa. Makarin hannun da ya saki ana mayar da shi da gam da turakun katako, fatar da ta warware baduku ya ɗinke. Na ado da ya tsage ana iya liƙe shi ya koma bango. Na wasa kuwa idan tsagar ta bi ruwa, ba ma liƙewa, ko an naɗe da salatif zai sake buɗewa a karo na gaba. Sai dai a yanke daga inda tsagar ta tsaya, a zagaye ƙarshen, ya koma gajere ga ƙaninsa, idan kuma ta kai ƙota a yi sabo a kan awon tsohon kuben.